Ƙarar da Baba Direba Ke Ji

"Kashe ta. To, kunna kuma." Baba Direba ya ɗaga hannu, ya karkata kunne wajen bayan motar. "Ka ji ta? Ƙit, ƙit, ƙit. Ga ta nan!"

Bakanike ya leƙo ta taga. "Baba, wallahi ban ji komai ba."

"Kai, 'yan zamani! Kunnenku ya koma cikin kwamfuta."

Ni ina shagona, ƙafata a kan keken ɗinki, ina hango su ta ƙofa. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidansa. Na ɗaga murya na ce, "Baba, yau ma hajiyar taka ba ta kwana lafiya ba?" Haka nake kiran motar, don na san yana jin haushi. Ya harare ni, ya ci gaba da sauraronsa.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa manya a irin wannan jif ɗin. Ranar da aka ba shi kuɗin sallama, bai tsaya shawara da kowa ba, ya je ya kwaso ta hannu: baƙa wuluk, kujerun fata, shekararta goma sha biyu a duniya. Matarsa ta rasu tun kafin motar ta zo. 'Yarsa ɗaya tana aure can nesa, sai dai waya, ita ma ba kullum ba.

A watan farko jakunkunan iskar da ke ɗauke da ita suka fashe, muka wayi gari mota ta durƙusa kamar raƙumi. Wannan ya cinye fanshon wata biyu. Ba a jima ba injin da ke hura musu iska ya ƙone. Lagireto ya fara yoyo, giya ta riƙa fizga, baƙin mai na ɗiga a tsakar gida. Kuma kowane ƙarfe sai an yi odarsa an jira sati uku. Ina gani aka fita da firjin matarsa, aka fita da talabijin.

"Baba, ka sayar da ita ka huta mana," na ce masa wata rana. "Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

"Tela, kai dai riƙe allurarka."

Ranar da suka yi musun ƙarar nan, da bakaniken ya gama, bai hau babur ɗinsa ba, sai ya shigo shagona ya zauna a kan benci.

"Maigida, akwai maganar da ke damuna," ya ce. "Motar nan wata biyu ke nan da na gama da ita. Lafiyarta ƙalau. Amma kusan kullum sai ya kira ni, wai yana jin ƙara. In zo, mu shiga mu zauna, ya zuba min shayi, ya yi ta ba ni labarin hanyoyin da ya bi. In zan tafi ya cusa min kuɗin aiki a aljihu. Aikin me na yi? Kunya nake ji, wallahi. Ga motocin mutane sun cika min gareji, ba zan iya ci gaba da zuwa ba."

"To ƙarar fa?"

"Wace ƙara? Shiru ne ya yi wa tsohon nan yawa. Kai ne kusa da shi. Don Allah ka riƙa shiga, ko minti goma ne, ka zauna kamar kana saurare."

Na ce, "To, ba komai." Kun san "to" ba ta da nauyi a baki.

Daga nan bakanike ya ɗauke ƙafa. Ni kuma rigunan 'yan makaranta suka taso ni a gaba. Kullum da hantsi sai in ji an tada mota. In na leƙa, sai in hango shi a kujerar direba shi kaɗai, yana goge sitiyari da tsumma. Tausayinsa yana kama ni, ba zan yi ƙarya ba. Amma sai in ce gobe, in koma kan kekena. Sau biyu ya yi min magana ta kan katanga: "Tela, in ka samu sarari..." Sau biyun na ce, "Gobe, Baba, in Allah ya kai mu." Haka har sati uku.

Ranar Talata ya tako da kansa har ƙofar shago, abin da bai taɓa yi ba. Ya dafa bango yana numfashi sama-sama, rigarsa ta yi masa yawa.

"Tela, zo ka ji min ƙarar nan. Minti biyar kawai."

"Baba, bari in haɗa hannun rigar nan, mai ita na hanya. Yanzu zan shigo."

"To. Bari in je in ɗuma ta kafin ka zo."

Mai riga ya zo, muka yi ta ja-in-ja a kan tsayin hannunta. Yana fita wata ta shigo da labule. Duk lokacin nan ina jin gurnanin injin ta bayan katanga, har na ce a raina tsohon nan zai ƙone mai a banza. Sai da rana ta karkata na ajiye almakashi na shiga.

Motar na ƙarƙashin rumfar kwano, tagogi a sauke. Yana zaune, ya jingina kai, hannu ɗaya a kan sitiyari. Ƙofar ɗaya gefen a buɗe take wangalau. Ya goge min kujerar tas, ya ajiye kofin shayi biyu a tsakanin kujerun.

"Baba, ga ni na zo."

Na taɓa hannunsa, na ji ya yi sanyi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kamata ya yi in fita in yi kururuwa, in kira maƙwabta, in nemi lambar 'yarsa. Amma ban yi ba. Sai na shiga na zauna inda ya gyara min, na ja ƙofar na rufe, na kasa kunne.

Da farko ban ji komai ba sai gurnanin inji. Na riƙe numfashi. Can daga baya, ta ɓangaren hagu, sai ga ta, 'yar ƙarama: ƙit, ƙit, ƙit.

"Na ji ta, Baba," na ce. "Akwai ta."

Shayin ya huce tuntuni, har ya yi yana a sama. Injin na tafiya, kofunan biyu na ta ɗan karkarwa a tsakaninmu.