Kitson Inna Gumsu

"Yelwa, ki kama dama. Nuriyya, ke hagu," in ji Inna Gumsu. "Ku haɗu a tsakiya, kan nawa dai guda ɗaya ne."

Ina zaune bakin gadonta riƙe da kunun da ta ƙi sha, na ce a raina tsohuwar nan ko ciwo bai raba ta da rigima ba. Matar da likita ya ce a mayar gida a yi ta addu'a, wai ita ce ke son kitso.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nata a nan Haɗeja. Tun da ta ajiye aikin koyarwa, duk Asabar tsakar gidanta cike yake da 'yan mata: 'ya'yan masunta daga Guri, 'ya'yan 'yan kasuwa, 'ya'yan rugagen bakin fadama. Tana koya musu karatu da ɗinki da tsayawa gaban mutane a yi magana. Dokarta ɗaya ce, duk sabuwar zuwa sai an haɗa ta da yaya wadda ba asalinsu ɗaya ba. Haka Nuriyya, 'yar manomin shinkafa, ta zama yayar Yelwa Bafulatana, ita ta koya mata rubuta sunanta.

Da kaka shanun su Yelwa suka faɗa gonar su Nuriyya. Manya suka sasanta a gaban dagaci, amma yaran nan suka daina ko gaisawa. Tabarmar Asabar ta koma biyu, kowace da mabiyanta. Abin da ke cin Inna ke nan fiye da ciwon. Ta san in ta tafi a haka, taron ya watse.

Suka fara kitso. Tsinken tsaga guda ɗaya ne, domin tun da safe Inna ta sa na ɓoye ɗayan.

"Tsagar ta karkace," Nuriyya ta faɗa tana kallon bango.

"Taki ce ta karkace."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna, idonta a rufe. "Ashe bakunan na aiki."

Can Yelwa ta miƙa hannu, murya ƙasa ƙasa. "Yaya, ara mini tsinken."

Nuriyya ta riƙe shi gam. "Kwana uku Babana bai ci abinci ba. Ko sannu ba ki ce mini ba. Sai ki gan ni ki kau da kai."

"Ni ke kiwon ranar," in ji Yelwa. "Na bi su da gudu, suka fi ƙarfina. Wallahi kunya ce, Yaya. Da wane ido zan dube ki?"

Mu duk mun ɗauka girman kai ne, har ni mai ganin na iya karantar mutane. Nuriyya ta sa mata tsinken a hannu, ta gyara mata zama.

Da suka gama na kawo madubi. Dama ƙananan kitso irin na ruga, hagu manya kamar igiyar guga. Inna ta juya kai ta sake juyawa.

"Kai! Wannan ko akuya aka yi wa sai ta kai ƙara."

Dariya har da hawaye. Ta karɓi kunun ta shanye tas.

Ranar Laraba da hantsi ta cika, tana salati, kanta a cinyata. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ban taɓa ganin wanda ya tafi hankali kwance kamarta ba.

Asabar da safe na ji motsi ta katanga. Na taka turmi na leƙa. Yelwa na yayyafa ruwa daga bokiti, Nuriyya na biye da ita da tsintsiya, ƙofar gidan a buɗe, takalman 'yan mata sun fara taruwa a zaure.