Sunan da Babu a Takardar Juji

Ni Zinariya ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma har yau in na ga takarda mai hatimin juji, alƙalin gwamnati, sai gabana ya faɗi. Guda ɗaya tak na taɓa riƙewa, a ranin 1982, kuma ita ce ta kusa raba ƙanena Halidu da ɗiyarsa.

Halidu manomi ne a Sabon Gida, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Rana ɗaya zuciya ta ɗebe shi a kan iyakar gona, saboda tushen gamba uku da maƙwabcinsa ya tuge. Ya ɗaga ƙotar hauya, mutumin ya rasa ido guda, shi kuma aka yanke masa shekara huɗu a gidan kason Madawa. Ban ce bai yi laifi ba. Ya yi, kuma shi kansa ya sani.

Matarsa Balki ta kwashi ɗiyansu mata biyu, Yalwa da ƙanwarta Jima, ta koma gidan ubanta Maiguwa a Bangi. Tsohon nan Maiguwa ya rantse jikokinsa ba za su taka ƙofar kaso ba. Aka shekara a haka. Da abin ya ishi Halidu ya kai kukansa gaban juji, juji ya ba da takarda cewa a riƙa kai masa ɗiyansa sau ɗaya a wata. Ni aka ɗora wa kai su.

Na isa Bangi da takardar a ƙulle cikin gefen zanena, ina tafe ina hura hanci. Maiguwa ya jujjuya ta, ya ga hatimi, ya yi laushi. Duk gidan babu mai karanta Faransanci sai Yalwa, mai shekara goma sha uku, wadda ke ajin ƙarshe a lakwal. Aka miƙa mata. Ta fara karantawa tana juya mana da Hausa, murya tangaran. Can sai ta tsaya. Ta koma farko tana bin layi da yatsa har ƙasa, sannan ta ninke takardar ta ba ni.

"Gwaggo, sunana ba shi ciki," in ji ta. "Jima ɗai anka rubuta."

Na ce, "Ke, bar wannan zance. Mantuwa ta ta mai rubutu."

"Ba mantuwa ba ta. Bai biɗe ni ba, ba ni zuwa."

Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ɗauko zancen albarkar iyaye. Yarinyar nan ta kafe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan gidanmu ne ta kwaso duka.

Ni da Jima muka shiga mota zuwa Madawa. Gardi mai tsaron kaso ya zaunar da mu a inuwar bango, aka fito da Halidu. Ya rungume Jima, ya ɗora ta a cinya, yana kiran sunanta yana dariya. Amma idonsa na kan ƙofa. Duk wanda ya gifta sai ya ɗaga kai. Sai da gardi ya ce lokaci ya yi, sannan ya dube ni ya ce a hankali, "Yaya, ku ɗai?"

Nan na titsiye shi, ya gaya mini yadda aka yi. Ranar da sakataren juji ya tambaye shi sunayen yaran, cewa ya yi, "Jima da yayatta." Sakatare ya ce takarda suna take so. Halidu ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Sakatare yana da aiki a gabansa, ya rubuta wanda ya ji ya wuce.

Yalwa ita ce ɗiyarsa ta fari. Mu a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ni ma ta fari ce, ubanmu har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa jin zafin haka ba, don kowa haka na ga ana yi masa. Halidu ya gaji abin, har ya fi mai kora shafawa. Shekara goma sha uku, in zai aike ta sai ya ce "ke", in zai yi zancenta sai ya ce "waccan". Ba ya dubanta ido da ido, ba ya zama tabarma ɗaya da ita.

Amma ni na san abin da na sani. Shekarar da ƙyanda ta kwantar da ita tana ƴar shekara uku, shi ya saɓa ta a kafaɗa tun daga Sabon Gida har bakin Madawa, a ƙasa, rana na dukansa. Da muka hango gidajen gari sai ya miƙo mini ita, wai kada a gan shi ɗauke da ɗiyar fari. Ya tsaya a bayan ɗakin likita yana share ido da bakin rawani.

Na kai wa Yalwa wannan labari da zafinsa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ke kin gani, Gwaggo. Ni ban gani ba."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ta faɗa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wata uku muna zuwa ni da Jima. Kowane zuwa Halidu ya ƙara ramewa, tuwon da nake kai masa ma sai ya raba wa abokan zamansa. Ga shi malamin su Yalwa ya ce in ta ci jarrabawa, bayan damina za a kai ta kwaleji a Tawa. In ta tafi ba ta ga ubanta ba, to sai bayan shekara uku, in ma zuciyarta ta yarda a lokacin. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Na ɗaura ɗamara na tafi wurin juji da kaina. Saurayi ne siriri mai tabarau, ɗan cikina ma ya girme shi. Na ce ya ba ni gardi biyu mu je mu ɗauko ta. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya ce, "Inna, ba zan aika gardi su ja yarinya zuwa wurin ubanta ba. Ƙaramar, babba ke yanke mata. Wannan kuwa ta yi wayo, sai na ji daga bakinta. In ta ce a'a a gabana, magana ta ƙare."

Na fito ina ƙunƙuni, ina cewa yaran zamani an ba su kujera sun rasa abin yi da ita. Daga baya na janye maganata.

Ranar da juji ya sa mana, da hantsi, muka cika ofishinsa. Maiguwa na kan benci da sandarsa, Balki a rakuɓe kusa da ƙofa, Yalwa a tsaye da rigar lakwal. Gardi ya shigo da Halidu. Yana ganin surukinsa ya durƙusa ya gaishe shi. Yana ganin ɗiyarsa ya mayar da fuska ga bango.

Juji ya tambayi Yalwa ko wani ne ya hana ta zuwa. Ta ce babu. Ko tsoron gidan kaso take ji? Ta ce a'a. Ko kunyar abin da ubanta ya yi?

"Ba shi na ba," ta ce. "Ƴan lakwal suna ce min ɗiyar ɗan kaso, ban damu ba. Amma ko da shina gida bai taɓa kirana ba. Yanzu ga takarda, nan ma babu ni. In ba shi so na, a bar ni."

Balki ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na ji kamar in tashi in mari Halidu, in kuma rungume shi.

Juji ya cire tabarau ya dubi Halidu. Ya ce shi ma ya san kunyar ɗan fari, ba daga sama ya faɗo ba. Amma alƙalaminsa ba ya rubuta "waccan". In yana so a sa ta a takarda, ya faɗi sunanta yanzu, kowa ya ji.

Zufa ta karyo wa Halidu. A gaban surukinsa, a gaban yayarsa, a gaban matarsa! Ya buɗe baki ya rufe. Na kasa haƙuri na ce, "Halidu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Bai motsa ba. Juji ya ɗauki murfin alƙalami zai rufe. Sai tsoho Maiguwa, wanda na ɗauka shi ne babban abokin gabanmu, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Hwaɗi, yaro," in ji shi. "Na ɗauke ma kunyata. Ni ma ina da ta hwari, ga ta can bakin ƙohwa, ban taɓa kiranta ba."

Halidu ya juyo daga bango a hankali. Ya ɗaga ido ya dubi ɗiyarsa, irin duban da ban taɓa ganin ya yi mata ba. Sannan ya ce:

"Yalwa."

Sakatare ya duƙa yana rubutu. Juji ya juya ga yarinyar ya ce, "To, kin ji. Za ki riƙa zuwa, ko ba za ki ba? Abin da kika ce shi zan rubuta."

Hawaye na zuba har kan rigarta, amma ba ta share ba. Ba ta ko dubi juji ba, ubanta take kallo.

"Ban jiya ba," ta ce. "Shi ƙara hwaɗi."