Kujerar Baƙi

…kujera kuma? Ni za a ja wa kujera a bikin cocinmu? Mama, da kina raye da kin ga abin da zuwa hutu ya jawo mini. Hular rana, miji Bajamushe, ɗaki a otal — a Ikariya fa, tsibirin da aka haife ni — shi ke nan na zama baƙuwa. Baƙo ya zauna ya ci, ɗan gari ya tsaya ya raba, sai kowa ya ƙoshi sannan ya kankare gindin tukunya. Haka muka tashi muka gani. To ni a wane ɓangare nake?

Dubi Yurgen yadda yake kurɓar romon akuya, har da lumshe ido. Sha, maigida! Duk faɗin Hamburg ba ka taɓa ɗanɗana irinsa ba. Akuyarmu dutse take hawa, iskar teku take shaƙa… Tun a jirgin ruwa nake cika masa baki, namu kaza, namu kaza. Kuma na yi ƙarya? Wa ke da tsofaffi irin namu, masu jingine sanda su shiga rawa?

Ƙamshin albasa a rigarki… ina ƙarama kina tura ni da kwandon burodi, ina kuka wai ya fi ni nauyi —

Ga Inna Stamatiya can bakin tukunya, ƙawarki, ta ranƙwafe amma ludayin ko rawa ba ya yi. Ta kalle ni? Ta kau da kai. Ba ta gane ni ba… ko kuma ta gane, wannan ya fi ciwo. Ba zan zauna ba. Ƙafa ta yi tsami, ba zan zauna ba. Gara in ƙame a nan kamar turke, da 'yar jakata…

"Ke 'yar Kaliyopi! Hannunki ya karye ne? Burodi ya ƙare a teburin can, kin tsaya kallon mutane!"

Inna Stamatiya ce, Mama, da sunanki ta kira ni, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Kwandon nan dai… har yau da nauyinsa, yana cizon ƙugu daidai inda ya saba. Yurgen yana yafito ni, wai in zo in ci kafin ya huce. Ya huce mana. Mu sai a ƙarshe muke ci — mu… Ran Lahadi jirgi zai tashi da ni. Wayyo Mama, a can Hamburg wa zai daka mini tsawa haka?