Abin da Khairiyya Ta Faɗa wa Allo

Muryar ce ta fara isowa gare shi kafin ya ga komai. Malam Sha'aban ya jingine kekensa a gindin dalbejiyar da ake majalisa bayan la'asar, yana karkaɗe laƙar fadama daga ƙafar wandonsa, sai ya ji ta tana fitowa daga wayar Tasi'u mai faci, siririya, da ɗan jinkirin nan da take yi kafin ta faɗi kalma mai nauyi. Ko a tsakiyar kasuwar Ɗanbatta aka jefa muryar nan zai tsinto ta. Ta 'yarsa ce, Khairiyya.

Mutum biyar ne suka haɗa kai a kan wayar. Da Tasi'u ya ɗago ya gan shi, sai ya rikice, garin kashewa ya ƙara sauti.

"Bar shi," in ji Malam Sha'aban.

"Wallahi Malam, turo min aka yi, ni ban ma..."

"Na ce ka bar shi. Mayar da shi farko."

Ga ta nan da hijabin makaranta, ta jingina da bangon bayan aji, ta kawo fuskarta kusa kamar mai raɗa. An sa wani kiɗa mai ban tausayi a ƙarƙashin maganarta, rubutun Turanci yana wucewa a ƙasa. Bokonsa bai yi nisa ba, amma ya isa ya karanta sunanta da sunan garinsu. 'Yar fari ce, shi kansa don kunya bai taɓa kiran sunan nan a bainar jama'a ba, "yarinyar nan" yake cewa. Ga shi an rubuta da manyan baƙaƙe.

"Ran da babu abinci a gidanmu," in ji Khairiyya a cikin wayar, "Innarmu takan ɗora tukunya da ruwa zalla, ta hura wuta sosai don hayaƙi ya tashi, maƙwabta su ce muna girki. Rumbunmu ma babu komai a ciki, amma Baba ya yi masa sabuwar jinka. Ya ce kada mu gaya wa kowa." Ta ɗan yi murmushi. "Ni kai kaɗai na gaya wa."

Daga nan hoton allon karatu na lantarki ya fito, da tambarin kamfanin da ya kawo shi.

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin maganar, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Daminar bara ce. Tsutsa ta cinye masa tumatir a fadamar Watari tun da rani, tsohon gero ya ƙare sabo bai iso ba, suka yi makonni suna kwana da kunu, wata rana ma babu kunun. Bai roƙi kowa ba. Ranar Juma'a yakan sa farar rigarsa ya tsaya a sahun gaba, aka kuma ga ya hau rumbu yana jinka da sabon shuci, har masu wucewa suna ce masa, "Malam, abin ya yi albarka ke nan." Shi kuwa ya ce, "Alhamdu lillahi." Da wannan ya rufa wa gidansa asiri har kaka ta yi.

Tasi'u ya kife wayar. Can wani dattijo ya yi gyaran murya ya ɗauko zancen taki da ƙarfi, sauran suka kama masa da sauri kamar ba su ji komai ba. Alheri suka yi masa, ya sani, amma da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Ya yi musu sallama ya kama kekensa. Sai da ya kai ƙofar gida ya lura turo shi ya yi tun daga can, bai hau ba.

* * *

Washegari da hantsi ya je makarantar. Malam Abdussalam, malamin aji huɗu, matashi ne ɗan Ɗanbatta mai yawan fara'a, amma ranar yana hango shi ya bar aji ya fito, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, na san abin da ya kawo ka."

"To tashi ka gaya min. Ba faɗa na zo ba. So nake na san yadda maganar cikin ɗakina ta je wayar mai faci."

Malamin ya ɗauko ɗaya daga cikin allunan lantarkin nan da yara suke karatu da su. Ya ce lokacin da kamfanin ya kawo su, sai da aka tara iyaye aka yi musu bayani cewa muryar yaro ba ta zuwa ko'ina, na'urar ce kawai take saurare don ta gyara masa karatu. Malam Sha'aban ya tuna taron, shi ne ma ya rufe shi da addu'a. Akwai kuma darasin da ake ce wa yaro ya ba da labarin gidansu don bakinsa ya saki.

"Ni na ce musu su saki jiki," in ji malamin, idonsa a ƙasa. "Da bakina na ce, babu mai jin ku sai allo."

"To me ya canja?"

"Kamfanin ne ya canja hannu, Baba. Sababbin masu shi suka sake ƙa'ida, suka ce duk abin da aka ɗauka, da tsoho da sabo, za su iya tallata aikinsu da shi. Ba su aiko da kowa ba. Wata safiya kawai yara suka kunna allo, dogon Turanci ya fito, da maɓalli biyu a ƙasa, kore da ja. Wanda ya danna ja, allonsa ya kulle. Mu kuma tun ranar farko abin da muka koya musu ke nan, kore shi ne ci gaba. Har waƙa muka yi musu da shi. Kafin na gama share allon bango na juyo, duk sun danna."

Malam Sha'aban ya dubi abin a hannun malamin. Ɗan ƙarami ne, bai kai faifai ba.

"Wato ita da kanta ta ce ta yarda."

"Haka suka rubuta. Na kira lambarsu, na'ura ce take amsawa. Na yi musu rubutu, sun ce za su duba su cire daga shafinsu. Amma Baba, ya riga ya shiga wayoyin mutane. Wannan ko su ba za su iya dawo da shi ba."

Ta taga ya hango Khairiyya a layin gaba. Babu allo a gabanta, ta ture shi gefe ta sa hannayenta a cinya. Wata yarinya a bayanta ta kumbura kumatu tana hura iska kamar mai hura wuta, na kusa da ita suna danne dariya. Khairiyya ba ta juya ba. Ya ji kamar ya shiga ya ɗauke ta, amma ya fasa, don in ya shiga shi ma kallonsa za a yi. Wannan ma kunyarsa ya ji, ya juya ya tafi.

* * *

Da a ce dariya aka yi musu da abin ya zo da sauƙi, amma mutanen garin tausayi suka zaɓa. Ramlat, maƙwabciyarsu, wadda a kwanakin yunwar takan shigo ɗiban wuta Luba, matar Malam Sha'aban, ta gyara zama ta tare tukunyar da jikinta, ta fara aiko da kwanon tuwo kullum da magariba. Luba tana da nata tuwon a kan murhu, na gaske, amma ba ta da bakin da za ta ce a mayar. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa islamiyyar matan aure. Ta ce duk wadda ta kalle ta, tukunyar take gani.

Rana ta uku sai ga yayansa Muhammad Auwal da amalanken shanu, an lodo dammunan gero har sama, ya ratso tsakiyar gari da rana tsaka, yara na bin sa.

"Yaya, mene ne haka? Wallahi yanzu muna da shi. Zo ka duba rumbun."

"In duba jinka?" in ji Auwal. "Sha'aban, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Katanga uku ce tsakanina da kai. Ina ciyar da baƙi, 'ya'yanka na kwana da ruwan zafi? Ka san abin da ake faɗa a kaina a masallaci? An ce ɗan'uwana yana yunwa ina ƙiba."

"Ban so na ɗora maka ba ne."

"Ai ka ɗora min wanda ya fi."

Ya sa aka sauke geron a ƙofar gida, inda kowa zai gani, don shi ma nasa mutuncin yake ƙoƙarin wankewa. Malam Sha'aban ya tsaya yana kallo, bai iya cewa na gode ba, bai iya cewa a kwashe ba. Shi da kansa ya riƙa shigar da dammunan ɗaya bayan ɗaya, yana jin idon unguwa a bayansa.

* * *

Bai doki Khairiyya ba. Ko tsawa bai yi mata ba, ya kuma hana Luba. "Me ta yi?" ya ce. "Gaskiya ta faɗa, ga wanda aka ce mata ba ya magana." Ya yi niyyar ya zaunar da ita ya gaya mata haka, amma duk lokacin da ya buɗe baki sai ya tuna ta san komai, ta ga ranar da ya hau rumbun da babu ƙwaya a ciki yana amsa gaisuwar mutane, sai ya ce mata ta kawo masa buta.

Abin da ya biyo baya babu wanda ya shirya shi. Wata yamma suna tsakar gida shi da Luba suna shawara ko za su sayar da akuya kafin azumi, Khairiyya ta shigo da tulu a ka. Luba tana tsakiyar magana ta yi shiru. Shi ma ya yi shiru. Yarinyar ta sauke tulun, ta dube su, ta shige ɗaki. Sai da labule ya faɗi suka ci gaba, da murya ƙasa-ƙasa. Washegari haka ta sake faruwa. Ba su taɓa cewa juna a yi haka ba, bakunansu ne kawai suke rufewa da sun ji takunta.

Ran Alhamis aka tashi makaranta da wuri. Malam Sha'aban yana zaune a kan tabarma yana gyaran ƙotar fartanya, Luba na tsince shinkafa a gefensa, suna maganar iri. Sai suka ji sallama daga zaure.

Suka amsa. Ba a shigo ba.

Aka sake sallama. Muryar Khairiyya ce. Ta gefen asabari yana iya hango ƙafafunta a bakin zauren, da silifas ɗinta masu ƙura, ta haɗe su wuri ɗaya kamar yadda baƙuwa take tsayawa a gidan mutane.

"Ke, me kike jira?" in ji Luba.

Amsar ta zo a hankali.

"Inna, kun gama maganar? In shigo?"