Ranar da Hayaƙin Malachy Bai Tashi Ba

A Kilmorane, can tsakiyar Ireland, ba a tambayar tsoho yadda ya kwana. Bututun hayaƙin gidansa ake dubawa. In hayaƙi ya tashi da safe, to yana nan, kowa sai ya kama gabansa.

Nuala Feeney ta san wannan sarai, a garin aka yanke mata cibiya, amma shugabancin kwamiti yana sa mutum mantuwa. Tun da kamfani ya daina yankan tubalin fadama, baƙar ƙasar nan da ake shanyawa a ƙona, mazan garin suka koma zaman kashe wando. Nuala ta kafa kwamitin sauyin yanayi, ta yi ta zarya birni har aka koya musu kafa injin ɗumama gida mai aiki da lantarki. Aiki dai sun iya, mai so a yi masa ne babu. Surukinta Fintan kuwa ya riga ya faɗa: in hunturun nan ya wuce haka, zai kwashe mata 'ya da jikoki su tafi Ostireliya.

Kowa ya ce sai ya ga an sa wa Malachy Tierney injin tukuna, don sun tabbata ba zai yarda ba. Tsohon mai yankan tubali ne, tuzuru, ko huhunsa aka matse hayaƙi zai fito. Nuala ta yi ta kai masa miya har ya gaji da miyar ya amince. Fintan ya kafa inji, ya toshe bututu, ya ce, "Baba, abu ɗaya: tagogi a rufe."

Malachy ya kwanta a ɗaki mai ɗumi, ya yi barcin da bai taɓa yi ba tun yaye.

Da safe Concepta Lavin, maƙwabciyarsa, ta ɗaga labule. Babu hayaƙi. Da wata ce da ta tsallaka ta ƙwanƙwasa, amma ba ta yi da shi tun shekarar da karensa ya cinye mata talotalon Kirsimeti. Sai ta ɗaura kallabi ta nufi kanti.

Kafin Nuala ta fito sayen madara, har an san irin rigar da za a binne shi da ita.

"Sannu da ƙoƙari, shugaba," in ji mai kanti. "Injin naku ba ya ɓata lokaci."

Nuala ta bar madarar ta ruga. Ta tarar da gida cike. An kwaso kujerun coci, an jera burodi mai nama, wani ya kawo wiski. An tsayar da agogo, an rufe madubi, kamar yadda ake yi a gidan makoki a can. Babu wanda ya shiga ɗakin kwana, ana jiran Fada, limamin coci. Concepta ce kawai ta tura ƙofar da ƙafa, ta ga tudun bargo, ta buɗe taga don rai ya samu hanyar fita, ta fito tana share ido ɗaya.

Nuala ta zauna kan matakala tana tunanin nisan Ostireliya.

Ana cikin faɗin kirkin da ba shi da shi, sai ga mamaci a bakin ƙofa da dogon wandon barci.

"Wane ɗan banza ne ya buɗe mini taga?"

Mai wiski ya mayar da murfi.

"Malachy," in ji Concepta, maganarta ta farko da shi tun talotalo, "ai ka mutu."

"Wa ya ce?"

"Bututunka."

Ya dubi agogo, ya dubi madubi, ya ɗauki burodi ya buɗe ya leƙa. "Naman nan kuka ga ya dace da ni?" Sannan ya juya ga Nuala. "Ke 'yar nan, gaya wa surukinki ya cire abinsa yau. Barci ya yi daɗi, ban musa ba. Amma yau an binne ni da rai. Gobe in na mutu da gaske kuma, za a ce ai injin ne, a bar ni in ruɓe."

Tsofaffi suka gyaɗa kai. Fintan ya fara neman hularsa.

Nuala ta miƙe. Ta lura cewa kwamitinta bai taɓa tara ko rabin mutanen nan ba.

"An buɗe taro," ta ce. "Kowa ya koma kujerarsa. Duk gidan da aka toshe wa bututu, wani zai ƙwanƙwasa masa ƙofa kowace safiya. Wa ya ɗauki Baba Malachy?"

Kowa ya shiga duban takalminsa.

"Ni," in ji Concepta. "Ba don shi ba. Ba na so wata ta riga ni jin labari."

"Zan sha ganin fuskar nan kullum ke nan?"

"Wa ya ce ka buɗe? Ka yi tari kawai."

Malachy ya daɗe yana tauna. "A rufe taga, ɗumina yana zuba a titi. Injin ya zauna."

Aka rufe. Ba a jima ba mata suka fara cire rigunan sanyi. Mai kanti ya dafa ƙarfen ɗumin da ke bango, ya ƙi ɗauke hannu, ya tambayi Fintan a hankali ko yana da sarari mako mai zuwa. Fada ya iso da kayan addu'a, ya ga mamaci na shan shayi, shi ma ya tambaya don coci.

Jikokin Nuala suna nan, suna tattake mata furanni. Concepta kuwa kowace safiya sai ta tsallaka titi ta buga ƙofa da sanda.

"Ban mutu ba!"

"Ba sauri nake ba," ta ce, ta juya.