Fendar Hagu

Shekara biyu ke nan Mushtaq bai kira sunan ƙanensa ba. Ba faɗa suka yi ba, ciwon mantuwa ne ya shiga kan dattijon ya yi ta kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya. Duk Juma'a ƙanen nasa, Sarfaraz, zai rufe garejinsa, ya sayi jalebi mai zafi, wani soyayyen kayan zaƙi, ya tafi unguwar Baghbanpura gidan Shagufta, 'yar Mushtaq. Yayan zai karɓi jalebin da ladabi, ya ce, "An gode, bawan Allah," ya juya yana kallon bango. Wannan "bawan Allah" ɗin ita ke cin ran Sarfaraz. Abu ɗaya yake roƙo kafin ƙasa ta rufe idon ɗayansu: yayansa ya dube shi ya gane shi.

Ana nan sai Gulzar, dillalin matattun motoci a kasuwar Bilal Ganj, ya buga masa waya, ya kira shi da laƙabin da ake ba gwanin sana'a.

"Ustad, zo ka ga wata gawa. Mai ita ya rantse da kabarin kakansa daga Italiya aka kawo ta, motar tsere ce ta asali."

"Kai ma ka taɓa rantse min jakin garin Sahiwal dokin Larabawa ne."

"To zo ka ƙaryata ni mana, tsoho mai baƙin ciki."

Ya je. Motar tana can bayan fili tsakanin ƙasusuwan bas biyu, ba taya, ba gilashi, kaji sun mai da kujerunta wurin ƙwai. Mai kujera biyu ce, ba rufi, doguwar gaba, jan fentinta ya koma kalar tsatsa. Sarfaraz bai ko kalli tambarin da ke hancinta ba, don tambari ko yaro ya iya liƙawa. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashi. Ƙashin bayanta na tsohuwar motar Bitil ne, injin ma a baya yake. Italiya dai ba ta san da zamanta ba.

Ya cusa hannu cikin bonet yana shafa bayan ƙarfen. Jikin duk da guduma aka buga shi, kuma sawun gudumar ya karkata daga dama zuwa hagu, bugun bahago, irin na yayansa. Ya zagayo wajen fendar hagu, murfin tayar gaba, ya ɗora tafinsa. Ga shi nan, wani kumburi kamar kuncin mai ciwon haƙori.

Sai ya zauna daɓas a cikin baƙin mai, da farin wandonsa.

"Lafiya, Ustad?" in ji Gulzar.

"Ba daga Italiya ta zo ba. Daga bayan gidanmu ta zo."

Su suka ƙera ta, shi da Mushtaq, lokacin Sarfaraz yana ɗan shekara sha bakwai. A jikin kalandar wani shagon taya suka ga hoton motar tseren Turawa, Mushtaq ya ce in dai mutum ne ya yi ta, mutum zai kwaikwaya. Shekara biyu suna bugu. Mushtaq ya yi jikin gaba ɗaya, ya bar wa ƙanensa fenda ɗaya tak ya koyi hannu, shi kuwa ya kwaɓa ta. Ya yi kuka ya roƙa a gyara, Mushtaq ya ƙi. Ya ce a bar ta, duk wanda ya gani ya san akwai mai hannu kamar ƙafa a gidansu. Shekarar da mahaifiyarsu ta kwanta ciwo aka rabu da motar, daga nan ba su sake jin ɗuriyarta ba.

Ranar da ya gan ta ya saye ta, aka ja ta zuwa gareji. Sarfaraz ya ƙudura a ransa cewa in akwai abin da zai farkar da Mushtaq a duniya, to wannan ce.

Wata bakwai ya yi a kanta, ya kori aikin mutane har wasu suka yi fushi. Ya kankare tsatsa, ya yi walda, ya sauke injin ya wanke shi gunduwa-gunduwa. Ya zaga Bilal Ganj kwana huɗu yana neman fitilu irin na wancan zamani. Jan fentin ma sau shida ana haɗawa yana cewa ba shi ba ne, har mai fentin ya ce, "Ustad, ja dai ja ne, ko jinina kake so in zuba?"

Fendar hagu ce ya bari ƙarshe. To a nan fa aka yi ta. Ku san cewa shekara arba'in da biyar babu karkataccen aikin da ya taɓa fita daga ƙofar Sarfaraz. Mutumin da ke rufe ido ya shafa mota ya gaya maka inda aka taɓa yi mata foti, yaya za a yi ya fesa sabon fenti a kan kumburi? Kullum ya wuce sai abin ya tsone masa ido. Ya ce a ransa, bari Yaya ya ga yadda hannun nan ya koma. Kwana uku yana bugu a hankali, yana shafawa, yana bugu, har fendar ta kwanta sumul, ta fi ta dama kyau. Wallahi da farin ciki ya yi wannan aikin, abin da ya fi ciwo ke nan.

Wata Juma'a da hantsi ya tuƙo ta zuwa Baghbanpura, mutane na leƙe ta tagogi. Shagufta ta fito da mahaifinta tana riƙe da hannunsa.

"Abba, dubi abin da Baffa ya kawo maka."

Mushtaq ya tsaya cak. Fuskarsa da ta shekara biyu a rufe ta buɗe. Ya zare hannunsa daga na 'yarsa, ya taka da kansa, bai kalli fitila ba, bai kalli kujera ba, ya nufi gefen hagu kai tsaye. Ya lumshe ido ya ɗora tafinsa a kan fendar, yana murmushi tun kafin ya taɓa. Ya shafa daga gaba zuwa baya. Ya sake shafawa. Murmushin ya tafi a hankali.

"Ba ita ba ce," ya ce.

"Ita ce, Yaya. Leƙa ƙarƙashi ka ga bugunka."

"A'a. Tamu tana da ƙulu a nan. Ƙanena ya buga shi." Ya ɗan yi dariya. "Yaron kirki, amma bai iya komai ba. Wannan aikin gwani ne. Kai ka yi?"

Da ƙyar Sarfaraz ya ce, "Ni na yi."

"Allah ya yi wa hannunka albarka, bawan Allah." Ya juya zai shiga gida, sai ya waiwayo. "In kana zuwa wajen masu gyaran mota, ka tambaya min Sarfaraz. Ka ce yayansa na cigiyarsa. Ya daina zuwa, ban san me na yi masa ba."

Shagufta ta toshe bakinta da gyale. Sarfaraz bai iya tuƙa motar ya koma ba, sai Gulzar aka kira ya zo ya ɗauke ta.

Washegari ya kwance fendar ya ɗora a kan maƙera. Zai mayar da ƙulun. Ya buga, ya shafa, ya ga tudun ya fito zagaye tsaf, gwanin sha'awa. Ya daidaita ya sake. Ya gwada da hagu, ya gwada ido a rufe, ya gwada da fushi. Duk wanda ya fito sai ya fito da kyau, kowa ya gani ya san da gangan aka yi shi. Hannun ya ƙi yin kuskure, shi kuma ya kasa tuna yadda ake yi.

Gulzar ya same shi rana ta tara, ƙarfen ya yi sirara har yana neman hujewa.

"Ustad, bari haka. Kawo in buga maka, ni ai ban iya ba, zai fito a karkace."

Sarfaraz ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa.

"Zai gane," ya ce. "Komai ya manta, amma wannan zai gane."