Makullin Ɗakin Amalia

Shekara shida Nélida tana zama a bakin titin tseren motoci, amma ba za ta ce ta taɓa kallon tsere ba. Ita aikinta agogo. Duk sanda jar motar mijinta Osvaldo ta gifta, ta danna, ta rubuta. Haka matan direbobi suke yi, jere a kan katangar wurin gyara, kowace da agogonta da takarda a cinya.

Akwai wani aikin nasu da ba sa zancensa. In direba ya mutu, ba a barin matarsa ta koma otal ta tarar da rigunansa. Ɗaya daga cikinsu ce take karɓar makulli ta je ta haɗa kayan. Nélida ta yi sau biyu.

Ranar tseren gasar duniya a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, inda Janairu ne lokacin zafi, har kwalta na kama takalmi. Amalia, matar wani direba Fermín, aminiyarta tun suna amare, ta miƙo mata ƙoƙon shayin mate.

"Ke dai sha, 'yar'uwa. Kin ƙura wa agogon nan ido kamar shi ya aure ki."

"Ai ya fi Osvaldo zama kusa da ni."

"Ke kin ma samu. Nawa a gareji yake kwana, ni baƙuwa ce."

Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin Osvaldo yake yi a zagaye, Fermín manne da bayansa. A zagaye na talatin da ɗaya hannun agogo ya kai hamsin, ya wuce. Koriyar mota ta gifta. Shuɗiya ta gifta. Minti biyu. Nélida ta waiwaya, sai ta ga Amalia ma ba ta danna nata ba.

Can bayan itatuwa baƙin hayaƙi ya miƙe sama.

Wani makanike ya iso yana haki. "Su biyun ne suka yi karo. Ɗaya ya fito, yana tahowa a ƙafa."

"Wanne?" in ji Nélida.

"Ban sani ba, madam. Na rantse."

Amalia ta damƙe hannunta. Nélida ta fara addu'a, Allah ya sa nawa ne, Allah ya sa nawa ne. Sai ta gane abin da take roƙa wa matar da ke riƙe da ita. Kunya ta kama ta, tsoro ya fi kunyar, ta ci gaba da roƙon. Motoci kuwa sai wucewa suke, tsere bai tsaya don kowa ba.

Daga nesa suka hango shi, hular kwano a hannu, fuska baƙi ƙirin da hayaƙi. Su biyun fararen kaya suka sa da safe, tsawonsu ma ɗaya. Nélida ta ƙura masa ido. Ya matso, ya ƙara matsowa. Yana ɗan jan ƙafar hagu, wadda ya karya bara.

Osvaldo ne.

Bai ko dubi matarsa ba. Ya tsaya gaban Amalia, ya girgiza kai.

Amalia ta zare hannunta a hankali. Ta buɗe jaka, ta lalubo makullin otal, ta sa a tafin Nélida, ta rufe mata yatsu a kai.

"Farar rigarsa tana rataye a bayan ƙofa," ta ce. "Kar ki manta da ita."